Tsintar Gumagumai a Biranen Amurka: Yadda Bishiyar da Aka Yar Take Zama Katako

Wanda ya zauna a ɗaya daga cikin biranen arewacin Amurka, kamar Ditroit ko Shikago ko Baltimo, ya san ƙarar da takan tashi mutane daga barci a wasu ranaku: kukan zarton inji, sannan rurin na'urar da ke ɓarza rassa. Ma'aikata ne suka zo sare bishiyar da ta tsufa a gefen titi, ko wadda iska ta karya, ko wadda saiwoyinta suka fara ɗaga daɓen hanya. Kafin azahar sun gama. Rassa sun koma ɓarɓashi a bayan mota, gangar bishiyar kuma an daddatsa ta gunduwa-gunduwa domin ta yi sauƙin ɗauka. Bishiyar da ta shekara tamanin tana girma ta tafi juji a wuni guda.

Akwai wani rukuni na kafintoci da masassaƙa da ke kallon wannan al'amari a matsayin ɓarna. Wasunsu sana'arsu ke nan, wasu kuma ma'aikatan ofis ne da ke taɓa aikin kafinta a garejin gida ranakun hutu. Sukan bi sawun masu sare bishiyoyi su karɓi gumagumai kyauta, su tsaga su, su busar, su yi tebur ko kujera ko ƙofa. Daga nesa abin kamar tsintuwa ne. Sai dai Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Kuɗin da mutum bai biya ba a shagon katako zai biya shi da ƙarfinsa, da kayan aikinsa, da sanin halin itace, da kuma jiran da kan kai shekara biyu.

Yana da kyau a bambance wasu kalmomi tun daga farko, domin za su yi ta maimaituwa. Bishiya ita ce wadda ke tsaye da ranta. Idan aka sare ta, abin da ya rage a ƙasa shi ne kututture, gangar da aka datse kuma gungume, jam'insa gumagumai. Katako shi ne abin da zarto ya fitar daga gungume, mai faɗi da kauri daidai wa daida. Kalmar itace, ko icce, ta haɗe su duka, har da wanda ake hura wuta da shi.

Dalilin da ya sa ake kyautar da shi

A Amurka sare bishiya a cikin gari aiki ne mai tsada. Mai gida ne ke biyan kamfanin da zai hau ya sauke ta reshe-reshe ba tare da ta faɗa kan rufi ko wayar lantarki ba. Bayan an sauke, kamfanin ne zai kwashe, kuma a wurare da yawa sai ya biya kafin a bar shi ya zubar a juji. Saboda haka duk wanda ya zo ya ce zai ɗauke gungume ya rage wa kamfanin kuɗin mai, da lokaci, da kuɗin juji. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

Mai karatu zai iya tambaya, to me ya hana a sayar wa manyan masana'antun katako? Amsar ita ce ba sa so. Masana'anta tana buƙatar gumagumai masu yawa, iri ɗaya, tsawo ɗaya, mota bayan mota. Bishiyar gari kuwa ɗaya-ɗaya take fitowa, yau wannan iri, gobe wancan, kuma gangarta gajeruwa ce domin a fili ta tashi, ta yi rassa tun daga ƙasa. Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙarfe. Bishiyar da ta rayu cikin mutane ta sha ƙusoshi: an kafa mata allon sanarwa, an ɗaura mata igiyar shanya da ƙugiya, an naɗa mata wayar shinge, an rataya mata sarƙar lilon yara. A zamanin da har siminti ake cusa wa kogon bishiya wai don a yi mata magani. Shekara ta bi shekara, itace ya tofo ya rufe ƙarfen ruf, babu alamar komai a waje. Ƙusa guda tana iya lalata zarto mai tsada, ta tsayar da aikin masana'anta, ko ta raunata ma'aikaci.

Yawan abin da ake asara ba kaɗan ba ne. A 2001 wani masanin Hukumar Gandun Daji ta Amurka, Stephen Bratkovich, ya kawo ƙiyasin cewa gumaguman da ake zubarwa a biranen ƙasar kowace shekara za su iya ba da katakon da ya kusa kashi 30 cikin 100 na katakon bishiyoyi masu faɗin ganye da ƙasar ke samarwa a lokacin. Ƙiyasi ne, kuma ba kowane gungume ne zai yi katako ba, amma ya isa ya jawo hankalin hukumomin birane.

Ƙwaron da ya cika tituna da gumagumai

Abin da ya fi ingiza wannan harka gaba annoba ce. A 2002 aka gano wani ɗan ƙwaro kore mai ƙyalli, wanda tsawonsa bai wuce santimita ɗaya da ɗan ɗoriya ba, yana kashe bishiyar da ake kira ash a kewayen Ditroit ta jihar Mishigan, da garin Windsor na Kanada da ke tsallaken kogi. Asalinsa gabashin Asiya ne, kuma masana suna ganin ya shigo ne cikin katakon da ake tokare kaya da shi a jiragen ruwa, shekaru da dama kafin a ankara.

Labarin yana da ɗaci biyu. Wajen 1930 wata cuta ta shigo daga Turai cikin gumagumai, ta yi ta kashe bishiyar elm wadda ke yi wa titunan Amurka inuwa. Birane da yawa sai suka maye gurbinta da ash, domin tana saurin girma, tana jure hayaƙi da gishirin da ake watsa wa titi lokacin ƙanƙara. A wasu unguwanni aka jera ta layi-layi, babu wata bishiya sai ita. Da ƙwaron ya iso, sai ya tarar an shimfiɗa masa tabarma.

Yadda yake kisa shi ne abin da ya shafi kafinta. Uwar ƙwaron tana ajiye ƙwai a jikin ɓawo. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe sai ta huda ta shiga, ta yi ta cin siririn sashen nan da ke tsakanin ɓawo da itace, wanda ta nan ne abinci ke zagaya jikin bishiya. Tana tafe tana barin hanya mai lanƙwasa kamar sawun maciji a rairayi. Idan hanyoyin suka kewaye ganga, bishiya ta shaƙe, cikin shekara biyu zuwa huɗu ta mutu. Ta wannan hanya ɗaruruwan miliyoyin bishiyoyi suka hallaka a Arewacin Amurka. To amma tsutsar ba ta nutsawa ciki. Ɓarnarta a bayan ɓawo take tsayawa, itacen da ke ciki kuwa lafiya lau. Ga shi kuma ash ba itacen banza ba ne: da shi ake ƙotar gatari da ta shebur, da sandar wasan besbol, da daɓen ɗaki, domin yana da ƙarfi kuma yana jure duka.

Misalin da aka fi ambata shi ne na garin Ann Arbor, yamma da Ditroit. Lokacin da za a gina reshen ɗakin karatu na Traverwood, wanda aka buɗe a 2008, an tarar filin cike da matattun bishiyoyin ash. Maimakon a ɓarza su, sai aka sare, aka ja gumaguman da dawaki don kada manyan motoci su lalata ƙasar wurin, aka tsaga aka yi daɓe da rufin bango. Wasu gangunan kuma aka tsayar da su ginshiƙai a cikin ginin, da sawun tsutsar a jikinsu kowa yana gani.

Sai dai wannan annoba ta koya wa masu tsintar itace wani darasi mai tsada. Ƙwaron da kansa ba ya yin nisa sosai a shekara. Mutane ne suka yi masa jigila, cikin itacen hura wuta da suka ɗora a mota suka tafi da shi yawon shaƙatawa, ɗaruruwan kilomitoci daga gida. Gwamnatin tarayya ta kafa dokar hana fitar da itacen ash daga yankunan da ya kamu, ta janye ta a watan Janairun 2021 bayan ƙwaron ya riga ya bazu, amma jihohi da dama suna da nasu dokokin. A 2022 an gan shi har a jihar Oregon, can gaɓar yamma. Don haka ƙa'idar mai hankali ita ce a tsaga gungume kusa da inda ya faɗi, a bar ɓawon da ɓangarorin waje a nan. Wanda ya yi kwaɗayin gungumen kyauta ya kai shi wani yanki da ɓawonsa, yana iya jawo wa maƙwabtansa asarar da ta ninka darajar katakon sau dubu. Wani abin lura kuma, ash ɗin da ta daɗe a mace a tsaye tana yin gautsi, rassanta su karye ba zato, don haka sare ta aikin ƙwararru ne.

Inda ake nema, da batun izini

Babbar hanya ita ce sanayya da kamfanonin sare bishiyoyi. Bayan su akwai ma'aikatan hukumar birni, da masu share hanyar wayar lantarki, da 'yan kwangilar da ke share fili domin gini, da masu kula da maƙabartu da filayen wasa, inda tsofaffin bishiyoyi suke da yawa. Guguwa kuma takan zubar da na shekara goma a dare ɗaya. Wasu masu gidaje sukan sa talla a intanet cewa ga itace, mai so ya zo ya ɗauka.

Ma'aikacin da ke kan aiki ba shi da lokacin jiran kowa. Wanda ya ce zai zo ƙarfe goma da tirela, to ya zo ƙarfe goma, in ba haka ba ba za a sake kiransa ba. Kuma wajibi ne ya isa kafin zarto ya isa, ya roƙi a bar masa gangar da tsawonta, aƙalla mita biyu da rabi, domin al'adar ma'aikata ita ce su datse ta gajeru-gajeru, gungumen da aka datse kuwa ba ya komawa. Masu wayo sukan dawo bayan shekara da ɗan cokali ko faifan yanka albasa da aka yi da itacen, su ba wanda ya kira su. Wannan 'yar kyauta ta fi kowace talla aiki.

Bishiyar da ta faɗi tana da mai ita. Ko a gefen hanya take, ko dai ta mai filin ce ko ta hukuma, kuma ɗauka ba tare da izini ba sata ce a idon doka. A jihohi da dama wanda ya sare bishiyar wani ana iya sa shi ya biya ninki uku na darajarta. Dazuzzukan gwamnati ma sai da takardar izini. Akwai kuma wani tarko da ke kama sababbin shiga: mai gida ya ce ga bishiyar walnat kyauta, wadda katakonta ke cikin mafiya tsada a ƙasar, amma da sharaɗin mai so ya sare ta da kansa. In aka je sai a tarar ta sunkuya a kan rufin gida. Wannan ba kyautar itace ba ce, neman aikin banza ne, kuma idan ta faɗa wa rufin, wanda ya riƙe zarto shi zai biya.

Zaɓen gungume

Ba duk abin da aka bayar ake ɗauka ba. Tsintacciyar mage ba ta mage, kuma mafi yawan gumaguman gari ba su da wani amfani da ya wuce hura wuta. Wanda ake nema shi ne na gindi, miƙaƙƙe, mai kaurin da ya kai santimita 35 ko fiye, wanda ɓawonsa bai murɗe ba, domin murɗewar ɓawo tana nuna murɗewar itacen da ke ciki. Ana duba bakinsa biyu a ga ko akwai ruɓa ko tsaga mai bin da'ira, a ƙwanƙwasa a ji ko holoƙo ne. Tabo baƙi mai shuɗi-shuɗi a bakin gungumen ok ko walnat shaidar ƙarfe ce, domin ruwan waɗannan itatuwa yana rina idan ya haɗu da ƙarfe. Duk da haka sai an bi jikinsa da na'urar gano ƙarfe, an sake bi bayan kowane yanka.

Reshe komai kaurinsa ba ya yin katakon kirki. Ya yi rayuwarsa yana tallafe da nauyin kansa a kwance, don haka da zarar an tsaga shi sai ya lanƙwashe kamar baka. Amma mararrabar da ganga ta rabu biyu tana da zane mai kama da harshen wuta, kuma akwai masu nemanta ido rufe. A nan ne ma itacen gari ya fi na masana'anta. Abin da masana'anta ke kira aibi, kamar ƙulli da tsaga da karkataccen gefe, wani kafinta ado yake gani. George Nakashima, wanda ya yi aiki a garin New Hope na jihar Fensilbaniya har rasuwarsa a 1990, ya shahara da teburan da yake barin gefensu yadda bishiya ta zo da shi, yana ɗinke tsaga da 'yan guntayen katako masu siffar malam-buɗe-littafi. Salon nasa ne ya buɗe kasuwar manyan allunan da ake gani yau a gidajen cin abinci, ko da yake da yawa daga masu kwaikwayonsa sun ɗauki gefen sun bar ƙwarewar.

Sannan sai nauyi, wanda kusan kowa yake rainawa a karon farko. Ɗanyen itacen ok yana kusan tan guda a kowace mita mai murabba'i uku, wato mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya tsayi. Gungume mai kaurin santimita 60 da tsawon mita biyu da rabi ya kai kilo 700. Maza huɗu ba za su ɗaga shi ba, ƙaramar a-kori-kura ma sai ta durƙusa. Ana mirgina shi da sanda mai ƙugiya, a ja shi kan tirela da sarƙa, ko kuwa a kawo zarto inda yake.

Tsagawa

Na'ura iri biyu ce ta sa talaka ya iya wannan aiki. Ta farko zarton inji ne mai sarƙa da aka ɗaura wa firam na ƙarfe, ana tura shi a kwance bisa gungume. Yana da araha, ana iya ɗaukarsa a kafaɗa har bayan gida inda mota ba ta shiga, amma yana da jinkiri da ƙara da gajiyarwa, kuma kowane yanka yana mayar da kusan santimita ɗaya na itace dusa. Ta biyu ita ce zarto mai siririn bel na ƙarfe da ke tafiya a kan dogo, ana jan ta da mota. Kamfanin Wood-Mizer na jihar Indiyana ya fara sayar da irinta a 1982. Yankanta bai wuce milimita biyu zuwa uku ba, saboda haka gungume ɗaya yana ba da alluna fiye da na farkon. Ba lallai ne mutum ya mallake ta ba. Akwai masu yawo da ita ana biyansu da awa ko da yawan katako, kuma tun kafin a fara sukan faɗi sharaɗi: duk bel ɗin da ƙusa ta lalata, mai gungume ne zai biya.

Ana tsagawa da ɗan ƙarin kauri, domin katako zai ragu wajen bushewa, kuma za a goge shi daga baya. Tsakiyar gungume, wato cibiyar da da'irorin shekaru suka kewaye, ana ware ta, domin duk allon da ya ƙunshe ta sai ya tsage.

Busarwa

A nan ne mafi yawan itacen kyauta yake lalacewa. Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani iri ma nauyin ruwansa ya kai nauyin itacen. Ruwan kashi biyu ne: wanda ke kwance a cikin ramukan ƙwayoyin itace, da wanda ya jiƙa bangon ƙwayoyin. Na farko yana fita ba tare da itace ya canja siffa ba. Sai laima ta sauko wajen kashi 30 cikin 100, na biyun ya fara fita, sannan katako yake fara tsukewa. Matsalar ita ce ba ya tsukewa daidai ta kowane ɓangare. Ta tsawo kusan ba ya raguwa. Ta bin da'irar shekaru kuwa yana raguwa kusan ninki biyu na yadda yake raguwa daga ɓawo zuwa tsakiya. Wannan rashin daidaito shi ke sa allo ya yi kwaroro, ko ya murɗe, ko ya tsage.

Ruwa yana fita ta bakin gungume fiye da sau goma na yadda yake fita ta gefe. Baki sai ya bushe ya tsuke alhali ciki na jiƙe, sai tsaga ta kama ta yi ta shiga. Maganinsa a shafe bakin biyu da kaki ko fenti mai kauri a ranar da aka sare, ko washegari. Wanda ya bari sai mako mai zuwa ya riga ya yi asarar taki guda a kowane baki.

Bayan tsagawa sai jeri. Ana shirya gado miƙaƙƙe nesa da ƙasa, a inuwa, inda iska ke ratsawa. A shimfiɗa alluna sahu ɗaya, a gitta busassun sanduna masu kaurin santimita biyu a kansu, tazarar santimita 40 zuwa 60, sannan a ɗora wani sahun. Kowace sanda dole ta zauna daidai saman ta ƙasa da ita, in ba haka ba nauyi zai lanƙwasa allunan su bushe a lanƙwashe. A saman jerin a ɗora duwatsu ko bulo, a rufe da kwano saboda ruwan sama da rana, a bar gefuna a buɗe. Idan iska ta yi yawa fuska ta tsattsage, idan ta yi kaɗan fumfuna ta kama.

Daga nan sai haƙuri. Ƙa'idar da kafintoci ke faɗa ita ce shekara ɗaya ga kowane inci na kauri. Ba doka ba ce, domin ash ta fi ok saurin bushewa, kuma lokacin sanyi kusan ba a ƙirga shi, amma tana nuna girman jiran: allon tebur mai inci biyu zai kwana ya wuni a jeri shekara biyu. Ko bayan haka bai gama ba. Iskar waje tana sauke laima zuwa wajen kashi 12 zuwa 15 a yawancin sassan ƙasar, alhali kayan ɗaki suna buƙatar kashi 6 zuwa 8, saboda gidajen Amurka ana ɗumama su da hunturu, iskar ciki ta bushe ƙarau. Teburin da aka haɗa da katakon da bai kai ba zai tsage a hunturunsa na farko. Don haka ko dai a shigar da allunan cikin gida su ƙara wasu watanni, ko a kai su ɗakin busarwa mai zafi. Wasu sukan gina nasu mai aiki da zafin rana, da rufin roba mai haske da fanka. Zafi mai ƙarfi yana da wani amfanin: yana kashe ƙwarin da ke huda busasshen katako su bar gari kamar na masara a ƙarƙashinsa. Akwai 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako ta nuna laimarsa, kuma ta fi taɓawa da hannu gaskiya.

Masu sassaƙa kwano irin akushi sun sami hanyar rage jira. Sukan fafe shi tun itacen yana ɗanye, lokacin da yake da taushi, su bar bangonsa da kauri kamar kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, su ajiye shi wasu watanni ya karkace iyakar karkacewarsa, sannan su sake gyara shi. Su da masu sassaƙa cokula ne suka fi kowa morar itacen gari, domin gajeren gungumen da ba zai yi allo ba ya ishe su.

Katakon da ya riga ya yi aiki

Akwai kuma itacen da ba ya buƙatar tsagawa ko busarwa. Mafi sauƙin samu shi ne falet, wato shimfiɗar katakon da ake ɗora kaya a kai a shaguna da tashoshin jiragen ruwa. Na kasuwancin ƙasa da ƙasa yana ɗauke da tambari bisa wata ƙa'ida da aka amince da ita a 2002 domin hana ƙwari ƙetare iyakoki. Haruffan HT suna nufin an gasa katakon har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, MB kuma suna nufin an turara shi da guba, kuma kafintoci suna guje masa. Wanda aka yi wa fenti shuɗi ko ja na kamfanonin haya ne, ba yasasshe ba ne ko da an gan shi a bayan shago. Gaskiyar magana, falet yana cin lokaci wajen cire ƙusoshi fiye da darajar abin da yake bayarwa.

Tsofaffin rumbunan gona da gidajen da ake rushewa su ne taska. Wanda ya san yadda magina ke zare azara daga rusasshen soro su sake ɗora ta a sabon gini ya fahimci tunanin. A Amurka akwai itacen da kusan ba a samunsa sai ta wannan hanya. Wata cuta da aka fara lura da ita a New York a 1904 ta share bishiyar cesnat ta Amurka daga dazuzzukan gabas cikin kimanin shekara hamsin, biliyoyin bishiyoyi. Katakonta ya rage ne a jikin gine-ginen da aka yi kafin annobar. Sai dai tsohon katako yana zuwa da gubarsa. Fentin gidajen da aka gina kafin 1978 yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Koren katakon shinge da dandamali na kafin 2004 yawanci an jiƙa shi da magani mai arsenik. Katakon titin jirgin ƙasa kuma yana shan baƙin mai mai guba. Waɗannan ba a goge su a cikin gida, ba a yin kayan abinci da su, ba a ƙona su.

Da birane suka ga ana samun kuɗi daga abin da suke biya a zubar, sai suka shigo harkar da kansu. Birnin Baltimo yana da wani fili mai suna Camp Small, inda shekara da shekaru ake jibge bishiyoyin da hukuma ta sare. Daga 2016 aka fara tantance su: masu kyau a ware domin katako, na tsakiya su zama itacen hura wuta, sauran a ɓarza a zuba a gindin shuke-shuke. Kafintan da ya je can neman gungumen ok zai same shi an riga an ware, an auna, amma da farashinsa.